Doki Goma Sun Kasa Tayar da Shida

Da ƙyar na yarda na rubuta wannan, don a aji biyar na bar makaranta, kuma abin da ya faru har yau ban gama gane shi ba.

Baba yana asibiti a birnin Can Tho, an yi masa aikin ido, ya bar mini tafkin jatan landenmu. Fankoki uku ne ke kaɗa ruwan don iska ta shige shi, kowace da injinta na lantarki. In suka tsaya awa biyu a ranar hadari, jatan lande sai su taso gefe su fara mutuwa. Saura mako uku mu kwashe su.

Ran Litinin lasifikar ƙauye ta ce za a ɗauke wuta Laraba, tun safe har yamma. Na goge ƙarfen da ke jikin injinan na karanta: kowanne ƙarfin doki biyu. Shida ke nan. Na je kasuwa na sayi janareta mai doki goma. Mai shagon ya tambaye ni wani abu, kunya ta hana ni cewa ban ji ba, na gyaɗa kai.

Laraba sama ta yi baƙi, ko iska babu. Janareta ya tashi lafiya. Na ɗaga makunnin nan guda da Baba ya haɗa fankokin uku a kai, sai janareta ya yi gurnani, ya yi tari, ya mutu. Sau huɗu. Inna ta kunna turare ta soka kusa da shi. Ya sake mutuwa.

Jatan lande sun fara tasowa lokacin da Kawu Tam, maƙwabcinmu mai gyaran injin jirgin ruwa, ya iso da kofinsa a hannu.

“Ut,” ya kira sunana, “kashe shi za ki yi ko aure za ki yi masa? Turaren fa?”

“Kawu, goma ai ya fi shida,” na ce, ina kallon ƙasa.

“A takarda! Wannan shidan na wanda ya riga ya tashi ne. Inji in zai tashi yakan ja wuta ninki biyar, shida, na ɗan lokaci. Ke kuma kin tashe su uku tare, kamar ’yan kwana ɗaki ɗaya.”

“To me ya sa ba su rubuta ba?”

“Sun rubuta, ga wani harafi can ƙasa. Ni ma sai da na yi furfura na san aikinsa.”

Ya cire wayoyin fankoki biyu, ya bar ɗaya. Janareta ya yi nishi, fanka ta juya. Ya ƙirga ashirin, ya haɗa ta biyu. Ita ma ta kama. Da ya taɓa ta uku, duka suka nemi tsayawa, ya yi maza ya janye.

“Kawu, yanzu huɗu yake ɗauke da su. Ba saura shida ba?”

“Ki tambaye shi, ’yata, ga shi nan.”

Muka bar biyu suna aiki. Ɓangaren fanka ta uku na shiga ƙaramin jirgi ina dukan ruwa da filafili har aka kawo wuta. Mun yi asarar kwando ɗaya, sauran sun koma ƙasan ruwa.

Washegari da safe na kwafe duk abin da ke jikin ƙarfen injin, har harafin nan, na koma shagon. Na miƙa wa mutumin takardar, na ce ya maimaita tambayar da ya yi mini ran Litinin.