Kiɗan da Auta Ta Haɗa

Tun tana ƙarama hannun Auta ba ya zama shiru. In an sa ta wanke-wanke, bokiti ya zama ganga ke nan, murfin tukunya kuwa ya sha cokali. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma cewa, "In fasawa za ki yi, fasa tsohon, ki bar min sabon."

Da ta gama sakandare, yayanta mai kaɗa jita ya kai ta wurin ƙungiyarsu, a wani ɗaki saman shagon tela. Maigidan ƙungiyar, dattijo mai busa ƙaho, ya miƙa mata sandunan kaɗa ganga. Ta zazzage duk abin da ta iya, har gumi ya keto mata.

"Hannu kam akwai," in ji dattijon. "Amma 'yata, biyo ki aka yi? A ina mawaƙiya za ta sa baki?"

A hanya ta rantse wa Yaya ba za ta koma ba. Washegari ita ta riga shi zuwa.

Ta daɗe tana koyon riƙe hannu: ta buga, ta saki, ta saurari inda mawaƙiya ke jan numfashi. Cikin haka wani kiɗa ya fara yi mata yawo a ka, wanda ganga ce ke ja, sauran su bi. Da ta kawo maganar, mai piyano ya tuntsire da dariya.

"Ni zan bi bayan ganga? Yarinya, bari ki girma tukuna."

Ta haɗiye abinta.

Wata rana da yamma suna tsakiyar atisaye wuta ta ɗauke. Piyano ya mutu, jita ta yi tsit, fanka ta tsaya. Kowa ya shiga naɗe waya yana tsaki. Auta ba ta tashi ba. Ta fara kaɗa kiɗan nata a hankali, don kanta kawai. Mawaƙiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta soma tafi. Maigida ya saurara, ya ɗaga ƙaho, ya faɗa daidai gurbin da ta bari.

Da suka kai ƙarshe ya ce, "Na waye wannan?"

"Nawa ne, Baba."

"Tsakiyarsa ta yi tsawo. Rage ta. Sake daga farko."

Mai piyano ya ajiye jakarsa. A zagaye na gaba yana ƙwanƙwasa kujera da yatsu, yana gunaguni: "In wuta ta dawo, nan zan shigo. Amma fa ban ce ya yi daɗi ba."

Sun yi ta gyara, sun yi ta musu, wani wurin ta sakar musu, wani ta kafe. Ranar da suka kaɗa shi a zauren taro ta kuskure a wuri guda, ta ci gaba kamar ba a yi ba. Mutane suka miƙe suna neman a maimaita.

Suna loda kaya a mota Maigida ya ce, "Na ji inda kika zame."

"Na sani, Baba."

"To. Yaushe za mu ji na biyun?"