Loma Biyun da Suka Rage

Shekara ashirin da shida na yi ina dafa wa ma'aikatan masaƙa abincin rana, kuma ba a taɓa samun ƙaton da ya tashi daga gabana yana cewa bai ƙoshi ba. Hannuna a sake yake. Idan na kama ludayi, sai na ga shinkafa ta yi tozo a faranti nake ajiyewa. To ni ɗin nan ce aka wayi gari 'yar cikina tana gudun tukunyata.

Auta ce, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana huɗu. Tun tana ƙarama take da jiki, da ta yi aure ta haihu kuwa sai abin ya wuce misali. Ga ciwon suga, ga gwiwoyi, bene ɗaya za ta hau sai ta zauna ta huta. A ƙarshe likitoci suka yi mata aiki suka rage mata tumbi, ta ce min abin da suka bar mata bai fi ayaba ɗaya ba. Suka ba ta takarda: ta ci kaɗan, ta tauna sosai, ta fara da kifi ko ƙwai ko nama, kada ta sha ruwa a kan abinci, kuma da zarar ta ji alamar ƙoshi ta tsaya. Na ce to. A raina kuwa na ce ai likita bai taɓa cin girkina ba.

Duk Asabar take zuwa cin abincin rana a wurina, tun ranar da ta bar gidan nan ba ta taɓa fashi ba. Wata huɗu bayan aikin, da aka ce za ta iya cin abin da kowa ke ci, na soya kaza, na dafa shinkafa, na yi miyar da ta fi so, na cika mata faranti. Ta yi loma biyar ta ajiye cokali.

"Umma, na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Da kallo?"

"Wallahi Umma ya isa."

"Tun safe nake tsaye a kan ƙafata. Ko don ni ki ƙara biyu."

Ta dube ni, ta ɗauki cokali, ta ƙara biyu. Ba a yi minti biyar ba ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, ta ruga banɗaki. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kakarin amanta. Da ta fito idonta jajur, na ce ƙila man ne ya yi yawa.

Daga nan sai zuwan ya canja. Ba ta daina zuwa ba, amma sai yamma ta yi take shigowa, tun daga bakin ƙofa tana cewa, "Na riga na ci, Umma." Ta zauna rabin awa da jakarta a cinya, ta tashi. Asabar uku ina rabar da abinci ga maƙwabta.

A ta huɗun mijinta ya zo ɗaukarta, na tare shi da ƙorafi, na ce matarsa ta daina cin abinci gaba ɗaya. Yaron kirki ne, sai dai ba ya auna magana.

"Ikon Allah! A gidan Mama kuwa tas take cinyewa, Umma. Talata da Alhamis can take cin na rana, tunda kusa da ofishinsu ne."

Auta ta harare shi, amma ai na riga na ji.

Mama ita ce uwarsa, tsohuwar malamar firamare, kowa Malama yake ce mata. Sau ɗaya na taɓa cin girkinta, har yau ban huce ba. Shinkafar ta caɓe, miyar kuma kamar an wanke tumatir an zubo ruwan. Ga rowa, kifi ɗaya sai ta raba wa mutum biyar tana murmushi. Wai a hannun wannan matar 'yata take cinye abinci tas, ni kuma da na ciyar da masaƙa guda ana zuwa min da ciki a cike. Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa yi ba ko a ƙuruciyata. Kwana uku ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Ranar Talata na cika kula biyu, na hau mota ban gaya wa kowa ba. Na ce bari in ajiye nawa kusa da nata, mu ga wanda hannun yarinyar zai nufa.

Malama ta tarbe ni da fara'a. "Lale da Hajiya! Yau ke ce da rana tsaka?"

Auta na zaune a teburin falo, da ta gan ni da kuloli sai fuskarta ta canja. Na gaisa, na zauna, na kai idona kan abincin Malama da ake ta yabo.

Ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi ne. A kansa akwai dafaffen kifi wanda bai fi yatsu biyu ba, wake cokali biyu, da yankan karas uku. Cokalin ma na shayi ne. Na kusa cewa ko kyanwa aka zuba wa, na dai haɗiye.

"Ci abincinki," Malama ta ce wa Auta, ta juyo wurina ta hau ba ni labarin famfonta da ya lalace. Ko sau ɗaya ba ta kalli farantin ba. Ni kuwa idona yana can. Auta ta ɗebi ɗan kifi, ta ajiye cokali, ta yi ta tauna har na gaji da jira. Sannan ta sake ɗauka. Har dariya take yi a tsakani, kafaɗunta a sake, ba irin zaman da take yi a gidana ba. Abincin da zan iya haɗiyewa a loma uku ya ɗauke ta kusan rabin awa.

Can sai ta ɗan ja hanci, ta sa bayan hannu ta murza shi. Malama ba ta katse labarin famfo ba, ta miƙa hannu ta janye farantin. Saura karas ɗaya da ɗan wake, ta kwashe ta cinye da kanta. Ashe tas ɗin da ɗanta ke gani ke nan.

"Ai ba ta gama ba," na ce.

"Ta gama, Hajiya. Hancinta ne ke faɗa. Idan cikin ya cika sai ya fara yoyo, wani lokaci kuma ta yi 'yar shaƙuwa. Loma ɗaya aka ɗora a kan wannan, to ranar ta lalace. Ita ma sai da ta yi wata biyu kafin ta gane."

Na ɗanɗani ragowar kifin da ke tukunya don in samu abin faɗa. Salam, ko gishirin kirki babu. Wannan ya ƙara ƙona min rai, domin da a ce ta fi ni iya girki ne da na san inda zan gyara. Ni na haifi yarinyar nan, amma wata ce ke karanta min hancinta.

A mota ina dawowa, kulolina a cinya ko buɗe su ba a yi ba, sai wani abu ya faɗo min. Ai na san wannan murza hancin. Tana 'yar wata takwas haka take yi idan ta ƙoshi, ta kau da kai ta murza hanci da dunƙulen hannu. Ni kuwa sai in bi bakin da cokali ina mata wasa har ta buɗe. Da ta girma na kafa doka: a gidana ba a tashi sai faranti ya zama wayam. Ni na fara sanin alamar kafin kowa, ni ce kuma na koya mata ta yi banza da ita. Na yi kuka a motar, matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri ba ta san dalili ba.

Washegari na kira Auta a waya.

"Asabar ki zo da rana."

"Umma..."

"Ki zo. Idan kika ji na ce ki ƙara, ki ɗauki jakarki ki tafi, ba zan ji haushi ba."

Na zagaya shago huɗu kafin na samu farantin shayin da ya yi min, domin ba zan yarda na Malama ya fi nawa kyau ba. Na dafa kifi da romo, ba mai, na bar shi ya yi laushi, gishiri daidai. Wajen zubawa ne na sha wahala. Sau uku hannuna yana ƙarawa, sau uku ina mayarwa tukunya.

Ta zo. Ta kalli farantin, ta kalle ni, ta zauna da jakarta a cinya. Na zuba nawa, na sa hannuna na hagu a ƙarƙashin cinyata na danne, na hau ba ta labarin maƙwabciyata da ta sayi injin wanki ta kasa kunnawa. Ban san me nake faɗa ba. Tulun ruwa ma na bar shi a kicin.

Ta ci a hankali. Da ya rage loma biyu, ta ja hanci, ta murza shi da bayan hannu. Sannan ta ɗago ta dube ni, kuma tsoron da na gani a idonta ba zan manta da shi ba. Mace mai shekara talatin da huɗu tana jiran hukuncin uwarta a kan kifi loma biyu.

Maganar tana bakina, har na ji ɗanɗanonta. Na miƙa hannu na janye farantin.

Na ɗaga shi zan kwashe ragowar kamar yadda Malama ke yi, sai ta riƙe min hannu.

"Umma, kar ki cinye. Ki rufe min, anjima da yamma zan ƙarasa."

Ta sauke jakar ƙasa, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a kan doguwar kujera. Na shiga kicin na rufe farantin da murfin ƙaramar tukunya, na daɗe a tsaye a wurin kafin na iya fitowa.