Wayar Hita

Da yatsa kawai Baba Mai Filaya ke gane waya. Ya murza siririya ya ce ta fitila ce, ya taɓa mai ɗan kauri ya ce soket. Wadda ake binnewa a ƙasa kuwa, mai rigar ƙarfe, ko a cikin buhu take ya san nauyinta. Abin da yatsa ba ya ji shi ne launi, ga shi idonsa ya daɗe da yin hazo. Ja da kore duk sun zame masa toka-toka.

Saboda haka matarsa ke binsa wurin aiki. Mutane na tsokanarsu wai tsufa bai rage musu soyayya ba. Wace soyayya? Tsayawa take a gindin tsani, ƙafafu a kumbure, ya miƙo bakin waya ta raɗa masa launi. Da haka suka rufa wa kansu asiri, amma duk sun gaji.

Ranar suna banɗakin sabon gidan 'yarsu, zai haɗa hitar ruwa. Kakkaurar waya ce mai 'ya'ya uku: ja mai ɗauke da wuta, baƙa mai mayarwa, sai kore da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen don kariya. In ja ta hau gurbin kore, duk wanda ya taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu sai dai wani ba shi ba. Kuma ba a jona wa gidan wuta ba tukuna, balle ya gwada.

Gwiwarsa na ƙara ya hau tsani, ya fere bakin wayar. Baƙar dai ya gane ta.

"Uwar yara, wannan fa?"

Ta matso, ta ja baya, ta kai wayar saitin taga. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ke nake jira. Hannuna ya sage."

"Ja ce," ta ce. "Ina ji."

"Kina ji?"

"To Malam, ni ma ba yarinya ba ce. Ɗakin ne da duhu."

Ɗakin ba duhu. Rana ce tsaka, har zafinta yake ji a ƙeyarsa. Ashe ita ma idonta ya fara hazo. Tsoro ya kama shi, tausayinta ya biyo baya. Daga tsakar gida yana jin jikokinsa suna rigimar wanda zai fara wanka da ruwan zafi.

Ya saki wayar. Sannan ya sauko a hankali, ya zauna a bakin baho kusa da ita.

Surukinsu ya leƙo da fara'a. "Baba, an gama?"

Bai taɓa barin aiki rabi ba, kuma ya san in maganar ta fita, ba mai sake kiransa.

"Samo wani ya haɗa," ya ce. "Ka ce masa ya bi duk gidan ya duba, har fitilun da na yi jiya."