Tuwon Mutanen Gaetano

Rwang mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Ko da yake direban bas ne, idonsa ba ya tsayawa kan titi kawai, duk abin da aka kafa a bakin hanya sai ya san na mene ne. Don haka da ya ga ana ɗaura fitilu masu launi a wani lungu na unguwar Italiyawa, can bayan titin Tremont a birnin Turawan da yake zaune, sai ya yi ta tambayar fasinjoji. Wata dattijuwa ta ce masa bikin abinci ne na wani ƙauyen kan dutse a Italiya, jikokin 'yan ƙauyen ke yinsa kowace shekara. Abin ya tsaya masa a rai. Yaya mutum zai yi bikin garinsu a garin wasu?

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya ja 'yarsa Shekinah suka nufi can. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya fito da shi ba, gudun waya yake yi. Tun rasuwar matarsa, yayarsa Elisabet ta sa shi gaba daga Jos: ya turo mata yarinyar ta riƙe. A cewarta namijin da bai iya ko talge ba, ba shi zai yi tarbiyyar budurwa ba. Kuma gaskiya ta faɗa ta wani ɓangaren, don abincin gidan duk daga shagon wata 'yar Gana yake sayowa. Ta ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba ta amsa. Tsoro yake ji, bai kuma gaya wa Shekinah komai ba.

Lungun ya cika maƙil. Ga hayaƙin nama, ga masu busa da ganga, ga wani soyayyen fulawa da aka bulbule da sukari wanda Rwang ya rantse fanke ne aka sauya wa suna. Kowa ya tsaya kusa da shi sai ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa ƙauyen. Mai sayar da cuku ya ce a'a. Mai busa ya ce a hoto ya san shi. Shekinah kuwa tana biye da shi hannu cikin aljihu, kunyar tambayoyin ubanta kamar ta nutse.

A ƙarshen lungun suka tarar da wata ƙatuwar tukunyar tagulla bisa wuta, wani tsoho mai suna Gaetano yana tsaye kanta da muciya mai tsayin mutum. Rwang ya leƙa, ya ga garin masara ne, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya shiga cika baki cewa wannan ai tuwonsu ne, a Filato da shi aka yaye shi, babu abin da za a nuna masa game da masara.

Gaetano bai yi musu ba. Ya ce su a ƙauyensu maza ke tuƙawa ranar biki, kuma baƙon da ya san masara ba a barinsa ya tsaya kallo. Ya danƙa masa muciyar.

To fa. Rwang ya ci tuwo iya shekarunsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa riƙe muciya ba. A gidansu namiji ba ya leƙa madafa sai dai ya tambaya ko an sauke. Ya kama ta kamar mai tuƙa kwalekwale, ya ɗebo gari da ɗaya hannun ya antaya gaba ɗaya. Nan take tukunyar ta yi gudaji manya-manya, ta fara tofo masa zafi a hannu. Tsofaffin matan da ke zaune a gefe suka kwashe da dariya, shi ma ya yi ta yaƙe, gumi na bin wuyan rigarsa ta coci.

"Baba, ba haka Mama take yi ba," in ji Shekinah a hankali. "Kaɗan-kaɗan take zubawa. Kuma daga ƙasa take ɗaukowa, ta danna a jikin tukunya."

Ya juyo ya dube ta. Ashe duk shekarun da yake zaune a falo yana jiran a kawo, yarinyar nan tana bakin murhu tana kallo. Kunya ta kama shi, wani daɗi kuma ya biyo bayanta.

Gaetano ya miƙa mata kwanon garin. Ya ce dama aikin na mutum biyu ne, ɗaya na barbaɗawa ɗaya na juyawa. Shi ma haka kawunsa ya koya masa a wannan lungun, kuma har ya tsufa bai taɓa taka ƙauyen ba. Shekinah ta shiga barbaɗawa, Rwang na dannawa inda ta nuna. Kafaɗarsa ta yi tsami, gudajin ma ba duka suka mutu ba, amma tuwon ya haɗe.

Da tuwon ya nuna, ba a kwashe shi malmala-malmala ba. Sai aka juye shi a kan wani dogon katako, aka baje, aka kwarara miyar tumatir da cuku a kai, kowa ya ja kujera ya fara ci daga gabansa. Rwang ya so ya tambayi dalilin katakon, amma bakinsa cike yake. Wata tsohuwa ta tsinci gudaji a nata, ta ɗaga a cokali ta nuna masa, aka sake dariya.

Shekinah ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka ba Gwaggo Elisabet amsa?"

Cokalin ya tsaya masa a hannu. Ya ɗauka rufe ƙofar ɗaki da yake yi in zai amsa waya ya isa. Ya ce bai ba ta ba tukuna.

"To ka gaya mata tuwonmu zai riƙa yin gudaji," in ji ta. "Amma ni ba inda za ni."

Rwang ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci, yana share ido da bayan hannu.