Layin Nijar a Kan Tudu

Shekarar da aka yanke layukan waya a Sabon Birni saboda 'yan bindiga, ita ce shekarar da ƙanwata Radiyya ta tashi kare digirinta na uku a Amurka. Kai, wannan yarinya ba ta taɓa iya zaɓen lokaci ba!

Tun zuwanta na ƙarshe ta zaunar da mu ƙarƙashin darbejiya tana bayanin aikinta. Wai akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, niyutirino, masu ratsa ƙasa da dutse da jikin mutum ba su taɓa komai ba. Ita da abokan aikinta kuma sai su harba su da inji, tuli guda, cikin faifan ƙarfe da na dalma, su zauna jiran ɗaya ya yi karo da tsakiyar ƙwayar zarra. In ya yi, su auna tarkacen da ya watso. Na ce, "Yanzu wannan aka biya miki jirgi ki tahi yi?" Baba ya harare ni, na kama bakina.

Wayyo, wancan lokacin akwai daɗi. Mutum ya hau babur ya tai kasuwar Isa ya dawo da yamma, ba ya waige-waige.

To, saƙo ya iso ta bakin wani direba daga Sakkwato cewa za a nuna zaman kare digirin kai tsaye a intanet, da la'asar ɗinmu. Baba yana kwance, ƙafafu sun kumbura. Ya ce sai ya ji.

"Baba, mi za ka ji? Turanci ne hwa zalla."

"Jibrilla, tada babur."

Akwai wani tudu arewa da gari inda layin Nijar kan leƙo. Na ari sim ɗin Nijar wurin maƙwabcinmu, na goya Baba, na ɗaure shi da rawani a bayana don kada ya zame. Ina tuƙi ina masifa a zuci, ga tsoron hanya, ga tsohon yana nishi duk ramin da muka faɗa.

Mun tarar da tudun cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai shanya. Na shimfiɗa wa Baba buhu. Na ɗaga tawa har kafaɗata ta mutu. Shiru. Na zagi wayar, na zagi kamfanin, na haɗa da niyutirinon ma. Rana tana ta yin ƙasa, mutane suka fara watsewa, wani ya ce mu yi hanzari kafin hanya ta ɓaci.

Can sai hoto ya buɗe, dishi-dishi: wasu layuka sun fantsamo daga ɗigo guda. Sannan muryarta ta fito tana yankewa, amma ita ce, da wannan saurin bakin nata na tun tana ƙarama.

Na durƙusa na kara wa Baba wayar a kunne. Da ɗan turancina na sakandare na fara fassara: "Tana cewa a cikin dalma, abin da ke fitowa ya kan..."

Ya buge mini hannu.

"Yi shiru, ina jin ɗiyata."

Na gyara mishi wayar a kunne. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma ya lumshe ido yana gyaɗa kai har layin ya ɗauke. Baba bai kai girbin gero ba, Allah ya yi mishi rasuwa. Wallahi har yau in na bi ta gefen tudun nan, sai na rage gudu.