Zoben Bayan Keken Ma'u

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau, wani kamfanin auduga ya ba masinjansa Ma'u keke. Murna kamar ta kashe shi. Uwarsa, Inna Yelwa, tana Bungudu, ta tsufa, idonta ya tafi, ta kuma rantse ba mai ɗaga ta daga ɗakinta. Da ƙafa, sai Juma'a yake ganinta. Da keke kuwa zai iya yin asuba a Bungudu, ya yi aikinsa a Gusau, ya koma ya ci tuwo a gabanta. Abu ɗaya ya tsaya masa, gwiwarsa ta dama da yawon saƙo ya riga ya cinye.

Keken ya sha jiki. Zoben ƙarfen nan mai haƙora na ƙafar baya, wanda sarƙa ke ja, duk ya cinye. Ma'u ya tura shi wurin Jibo, maƙeri mutumin Tsafe da ya koyi kwance ƙarafa wajen ma'aikatan jirgi. Jibo ya ajiye masa zobe biyu a kan buzu, ƙarami da babba.

"Wane kaka so, Malam Ma'u?"

Ma'u ya girma da kaya a ka, abin da ya sani ƙaramin kaya shi ne mai sauƙi. Ya auna su a tafin hannu.

"Wanga ƙaramin. Ni da ciwon gwiwa, mi za ni yi da ƙarin ƙarhe?"

Jibo ya buɗe baki, amma Ma'u in ya yanke magana ko liman sai ya haƙura. Aka ɗaura ƙaramin.

A fili keken ya tashi kamar an kore shi, babbar rigar Ma'u na kaɗawa, yana ta yi wa masu jakuna kallon tausayi. Da ya iso yashin rafi da hawan da ke bayansa, sai feda ta ƙi motsi. Ya miƙe tsaye a kanta, gwiwa ta ce ba da ita ba. Haka ya tura keken har Bungudu, ƙafa a kumbure. Bai sake gwadawa ba, ya koma kwanan Gusau, abin na cin ransa.

Da ya gaji da baƙin ciki ya koma wurin Jibo.

"Babu wanda yaf fi wanga ƙanƙanta? Har yanzu da nauyi."

Jibo ya yi dariya har da hawaye. Ya kifa keken, ya ɗaura babban zoben, ya ƙara wa sarƙa tsawo, ya juya feda da hannu.

"Duba nan. Ƙaramin, taki guda shina cin ƙasa da yawa, amma gwiwarka ka shan wahala. Babban, yanka maka hanya shikai ƙanana, awa lomar tsoho. Ba ka gudu, amma kana isa."

Ma'u bai yarda ba. Ya hau ne kawai don ya ƙaryata shi.

A fili ƙafafunsa suka yi ta juyi, keke na tafiyar hawainiya, har wasu Fulani masu tallan nono suka tsaya suna dariya. Bai kula su ba. Ya shiga yashin yana jiran azabar, ba ta zo ba. Ya kama hawan a zaune, yana takawa a hankali, tudu na wucewa ƙarƙashinsa. Da ya kai sama ya sauka, ya tsuguna ya ƙura wa zoben ido. An ƙara ƙarfe, nauyi ya ragu! Tudun yana nan yadda Allah ya yi shi, gwiwar ma ita ce dai. Ya shafa haƙoran da yatsa yana ta salati, don abin ya fi ƙarfin hankalinsa.

Rana ba ta faɗi ba ya yi sallama a ƙofar ɗakin Inna Yelwa.

"Ma'u? Yau Talata hwa. Korar ka anka yi?"

"A'a, Inna. Gobe ma ina nan tahe. Jibi ma."

Tsohuwa ta miƙa hannu. Ta lalubo gwiwarsa, ta danna, ta ji bai zabura ba. Sai ta ɗaga murya wajen murhu, tana kiran matarsa.

"Wasila! Ƙara gari cikin tukunyar nan. Daga yau da shi za ki riƙa aunawa."