Rumbunan Sarkin Noma

Mutanen garinmu, Ɗinyar Gabas, ba su iya kuka a gaban baƙo ba. Ko ɗaki ne ya rufta wa mutum, in ka tambaye shi sai ya karkaɗe ƙasar da ke hularsa ya ce maka lafiya lau. Da wannan halin aka haife mu, kuma saura ƙiris ya sa mu cizon yatsa na har abada.

Sunana Hafsatu. Shekara talatin da huɗu ke nan ina gidan Malam Tasi'u, Sarkin Noman garin. Ba gadon sarautar ya yi ba, da fartanya ya samo ta, shekarar da ya ɗaure dami dubu. A ƙuryar gidanmu akwai manyan rumbuna uku, waɗanda in ka taho ta hanyar Minjibir jinkarsu za ka fara hangowa kafin rufin masallaci. Ba mai hawa tsaninsu sai shi. Ni kaina ban taɓa leƙawa ba, shi zai ciro dami ya miƙo, ni in sussuka. A wajenmu cikin rumbun magidanci asirinsa ne, ko ƙaninsa ba ya tambayar abin da ya rage.

Garinmu a kwari yake, gonaki sun kewaye shi ba masaka tsinke, kuma duk ruwan da ya sauka a gonakin arewa ta tsakiyar gari yake ratsawa. Mun saba da na idon sawu. Amma shekarar da nake ba da labari, wata Talata cikin Agusta, aka kama ruwa tun asuba, kafin azahar ya kai wa namiji ƙugu a tsakar gidanmu. Ya haye duwatsun da rumbunan suke zaune a kai, ya kwana biyu bai janye ba.

Bayan mako guda Malam ya hau tsani ya leƙa na farko, ya leƙa na biyu, ya leƙa na uku. Ya sauko ya jingine tsanin. Ba sai ya faɗa ba, hancina ya riga ya gaya mini. Hatsin shekara biyu ne a ciki, gero da dawa, duk ya jiƙe ya tsiro ya ruɓe. Geron gona kuma ya kwanta a ruwa, da kaka ba abin da muka yanka.

Wani ne da sai ya kwashe ruɓaɓɓen ya kai gona ya zama taki. Ban da mijina. Kwashe dami ɗaruruwa sai an kira mutane, in an kira mutane kuwa gari ya ji. Sai ya kwaɓa ƙasa da hannunsa ya yi wa rumbunan sabon yaɓe, ya ɗora musu sabuwar jinka, suka fito kamar amare. Duk bayan mako biyu ya ce zai je kasuwar Dawanau jin farashi, ya dawo da gero a cikin buhun takin zamani. Na ce masa, "Malam, takin nan naka tuwo yake yi mai daɗi." Ya harare ni, ya ce in ji da tukunyata.

Bayan kaka Dagaci Ɗan Iya ya tara mutane ya ce takardar da ya kai ta yi amfani. Gwamnatin jiha ta ware kuɗin gina magudanan ruwa da kwalbatoci a ƙauyukan da ambaliya ta fi yi wa ɓarna. Ƙauyuka goma ne suka nema a yankinmu, uku za a ɗauka, kuma ranar Alhamis ma'aikata za su zo su gani da idonsu.

To, a nan muka tafka wautar da har yau in na tuna sai in yi dariya in kuma ji haushi. Dagaci ya ce baƙin gwamnati ne, ba za su tarar da mu cikin ƙazanta ba. Aka yi gayya kwana uku. Aka yaɓe duk katangar da ruwa ya ci gindinta, aka shafe masallaci da farar ƙasa, aka kwashe ɓaraguzan ɗakunan da suka faɗi. Ramin da ruwa ya yanka a tsakiyar gari, wanda jaki ma sai ya yi shawara kafin ya tsallaka, aka cike shi da kara da yashi don motar baƙi ta wuce salin alin. Ba wanda ya ce kanzil, har da ni. Ni ce ma na share ƙofar gidanmu sau biyu.

A ƙofar gidanmu aka yi shimfiɗa, ƙarƙashin darbejiya, don bisa al'ada Sarkin Noma ke ciyar da baƙin gari. Shinkafa da kaji aka dafa, kada ma a tambaye ni yadda aka same su. Ina tsaye a bayan ƙyauren zaure ina jin komai. Shugaban baƙin, wani mai sanyin murya da ake kira Malam Tajuddeen, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya ruwa bana?"

Dagaci ya ce, "Alhamdu lillahi, ruwa ya yi gyara."

"An yi asara da yawa?"

"To, ɗan abin da ba a rasa ba. Mun gode wa Allah."

Dattawa suka amsa baki ɗaya, "Mun gode wa Allah." A cikinsu akwai wanda ɗakunansa biyu suka faɗi, akwai wanda awakinsa bakwai suka tafi. Na ji kamar in buɗe ƙyauren in ɗauki muciya.

Aka zaga da baƙin gari, suka dawo. Mace ɗaya ce a cikinsu, injiniya ce, sunanta Raihana, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ta shigo cikin gida yin sallar azahar, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakina. Da ta idar sai ta ce, "Inna, garinku tsaf-tsaf."

Na ce, "Mun gode."

Ta ce, "Ba yabo nake ba, Inna, damuwa ce. Ni na san ruwa yana bi ta nan, yanayin ƙasar ya nuna. Amma ba abin da na sani zan rubuta ba, sai abin da na auna. Ina neman bango ɗaya da ruwa ya bar shaidarsa, in sa ma'auni in ce ga inda ya kai. Duk an shafe."

Na ce ai samarin gari sun ɗauki hoton ruwan a waya. Ta yi murmushi ta ce hoto ɗaya ƙauyuka uku suka kawo musu, kowa ya rantse garinsu ne, shi ya sa aka daina karɓa. Ta ce, "Jiya inda muka je, mata ne suka tare mu da kuka tun daga bakin hanya. In na koma da takarda fara, za a ce ku kuna da sauƙi."

Tana maganar nan, rumbunan suna tsaye a bayanta ta ƙofar ɗaki. Maganar ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye. Asirin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ban zauna da mutum shekara talatin da huɗu don in tona shi a gaban sa'ar 'yar cikina ba.

Da ta fita na je bakin zaure na yi gyaran murya irin wanda Malam ya sani. Ya shigo yana goge hannu. Na gaya masa abin da yarinyar ta ce, ban ƙara ban rage ba. Ya dubi rumbunan, ya dube ni.

Ya ce, "Me kike so in yi?"

Na ce, "Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka."

"Kin san abin da za a ce."

"Na sani. Na kuma san baɗi ma za a yi damina."

Ya ce, "Na ji," ya koma waje. Na tsaya ina sauraro. Aka ci abinci, aka yi addu'a, Dagaci ya yi godiya mai tsawo, har ya ba baƙi zabi biyu. Na ji an buɗe ƙofar mota. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata shi ke nan, girman kai ya cinye mu.

Sai na ji muryar Malam. "Malam Tajuddeen, ku ɗan dakata. Akwai abin da ba ku gani ba." Ya kuma ce wa Dagaci, "Ranka ya daɗe, kai ma ka shigo. Kowa ya shigo."

Tun da aka kawo ni gidan nan, ban taɓa ganin namijin da ba muharrami ba ya wuce zaure na biyu. Ran nan sai ga maza sun fi talatin a tsakar gidana. Na shige ɗaki na saki asabari, ina kallo ta tsakanin karan. Injiniya Raihana ta gane inda aka dosa, ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya, amma na ji ta. Ta ce, "Baba, in a rumbu ne, ni kaɗai zan hau in leƙa. Ba sai kowa ya gani ba."

Ya ce, "Ta sama ba za ki ga komai ba, 'yata, sai duhu. Abin da kike nema a ƙasa yake."

Ya ɗauko gatari. Mutum mai shekara sittin da biyar, ya tuɓe babbar riga ya rataye a tsani, ya yi bisimilla ya sari cikin babban rumbun, wanda ya gina shekarar da aka naɗa shi. Sara na huɗu bango ya ɓurme. Abin da ya zubo baƙi ƙirin ne, dunƙule-dunƙule, da farar saiwa ta bushe a jiki, ga wari da ya sa na gaba suka ja da baya. Ya sa hannu ya yaye, ya faɗaɗa ramin har haske ya shiga. A jikin bangon ta ciki ga layin ruwan nan a kwance, ƙasansa baƙi, samansa ja.

Ya ce, "Ga shi nan. Sauran biyun ma haka suke. Tun Agusta ba ƙwaya ɗaya a gidan nan sai wadda na sayo a kasuwa. Shinkafar da kuka ci ma sayo ta na yi. Ki auna."

Yarinyar ta durƙusa ta sa ma'auninta, ta faɗi lamba, wani ya rubuta, aka ɗauki hoto da Dagaci a tsaye a gefe. Shi kuwa yana tsaye da gatari, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma kalli kowa ba. Hawaye ya zubo mini, kuma wallahi ba na baƙin ciki ba ne.

Can sai Malam Abdulbasit mai awaki ya yi tari ya ce, "In an gama nan, a zo a ga ɗakin tsohuwata. Bango ya faɗi, tabarma muka rataya a wajen." Wani ya ce shi ma rijiyarsa ta rufta, ya rufe ta da kara. Daga ƙarshe Dagaci da kansa ya ce, a hankali, a biya ta gidansa. Baƙin da suka yi shirin tafiya bayan azahar ba su bar garin ba sai bayan la'asar, har aka sa samari suka tone ramin da aka yi kwana uku ana cikewa.

Sunan Ɗinyar Gabas ya fito cikin ukun. Da rani motoci suka zo, aka ja magudana ta siminti tun daga gonakin arewa har rafi, aka yi kwalbati biyu, aka ƙara mana da rijiyar burtsatse a kan tudu. Ranar buɗewa an gode wa gwamnati, an gode wa Dagaci, an gode wa 'yan kwangila. Ba a ambaci Malam ba, shi ma bai sa rai ba.

Kada a ce abin ya tafi a banza. An yi maganarsa a kasuwa, an yi a bakin rijiya. Akwai waɗanda da in ya doso sai su miƙe, yanzu sai su ɗaga hannu daga zaune. Wata ta tambaye ni a gidan suna ko har yanzu Sarkin Noma ake kiransa, na ce mata ta je ta tambayi ruwan da bai shiga ɗakinta ba.

Da aka yi ruwan shuka, ba mu da iri. Sarkin Noma ba ya shuka geron kasuwa, bai san asalinsa ba. Da hantsi ya ce in ba shi ƙwarya. Na ɗauko babba, na ce in sa ta a buhu ne ko in lulluɓe masa ita da mayafi. Ya ce a'a, haka nan zai riƙe ta. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya gyara hula, ya fita zuwa gidan Malam Abdulbasit roƙon iri, ƙwarya a hannu, majalisa cike da mutane.

Na bi shi har zaure, abin da ban saba ba, na leƙa ta jikin ƙyaure. Na ga ranar da ya ɗaure dami dubu, na ga ranar da aka naɗa masa rawani ana kiɗa. Ban taɓa jin ina so a san ni ce matarsa ba kamar safiyar nan. Ya taka kan sabon kwalbatin, ya yi wa mutanen majalisa sallama da ƙarfi, ya wuce da ƙwaryarsa.